Kujerar Da Na Ce Ba Na So

Ranar Litinin ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a shekara ta biyu da sojoji suka koma bariki. Mu biyar ne a zauren gidana da ke bayan hasumiyar Gobarau: ni, da ƙanen mahaifina, da limamin garinmu, da shugaban jam'iyya na ƙaramar hukumarmu, sai tsohon hedimastan da ya koya mini karatu a firamare. Su huɗun daga garinmu suka taso, can kudu da birni in ka wuce Batagarawa. Na san abin da ya kawo su tun kafin su cire takalma.

Kwana tara kafin nan ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarmu ya rasu. Ni na karanta sanarwar a rediyo. A lokacin na shekara goma sha bakwai ina aikin labarai, kuma tun da aka rantsar da majalisar dokoki ta jiha aka ɗora mini ɗauko rahotonta. Ina da wani kwali da na zana kujerun zauren majalisar a kai, kowace kujera da sunan mai ita da mazaɓarsa. Da fensir na rubuta, don wani tsohon ma'aikaci da ya ga majalisar farar hula ta baya ya ce mini kada in yi da biro. Ya yi gaskiya. Kafin shekara ta cika na goge suna biyu: kotu ta cire mutum ɗaya, ɗayan kuma ya sauka da kansa da aka ba shi wani muƙami. Ranar addu'ar uku na goge sunan marigayin, layi na uku, kujera ta huɗu daga hagun kakakin majalisa. Na daɗe ina kallon wurin. Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina na riga na rubuta sunana a ciki.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da yara da yadda damina ta bar mu, an sake yi wa marigayin addu'a, sai shugaban jam'iyya ya gyara zama.

"Malam, ba za mu ja zance ba. Gari ya zauna, an duba 'ya'yanmu da ke birni. Kai aka fara ambata. Muna so ka tsaya mana a zaɓen cike gurbi."

A wurinmu ba a karɓar irin wannan abu da zuwan farko. Limanci ne, ko mai unguwa, ko da shugabancin kwamitin masallaci, mutumin kirki cewa yake bai isa ba. A tafi, a dawo da wani babba, ya sake kaucewa. Sai a zuwa na uku ya sunkuyar da kai ya ce tunda manya sun matsa, ba shi da ta cewa. Haka na ga mahaifina ya yi. Wanda ya miƙa hannu da zuwan farko kuwa, ana tuna masa har ya tsufa.

Don haka na dubi ƙanen mahaifina na ce, "Baba, ni wa? Ai akwai waɗanda suka fi ni. Ko a ofishinmu ga abokin aikina da muke tebur ɗaya, ɗan garinmu ne, kun san gidansu. Ya fi ni jama'a nesa ba kusa ba."

Na ambace shi ne don al'ada tana son a ambaci wani, kuma na zaɓi wanda na tabbata ba za a ɗauka ba.

Hedimasta ya yi gyaran murya. "Ka dai sake tunani. Lokaci ya ƙure mana."

"Malam, na yi tunani. Aikin nan ya fi ƙarfina."

Shugaban jam'iyya ya duba agogonsa, ya dubi liman. Na ga ya duba. Ni da nake auna rayuwata da daƙiƙa, har abokan aiki suke kirana Agogo, ban tambayi kaina me yake lissafawa ba. Alhali ni da bakina na karanta dokar a labarai: ma'aikacin gwamnati da zai tsaya takara sai ya ajiye aiki kwana talatin kafin ranar zaɓe. Hukumar zaɓe ta riga ta sa rana. Duk wanda za a tsayar, dole takardar ajiye aikinsa ta shiga kafin a tashi ranar Laraba. Babu wurin zuwa na biyu, balle na uku.

Daga gidana suka wuce gidan abokin nawa da na ambata.

Tare aka ɗauke mu aiki, rana ɗaya. Ni na rungumi labarai, shi aka ba shi shirin gaishe-gaishe. Bai taɓa zuwa aiki a kan lokaci ba sau uku a jere. Yana iya fara jimla bai san inda za ta ƙare ba, ya yi dariya a tsakiya, ya saki kiɗa. Ni nakan kwana biyu ina neman kalmar Hausa da ta dace da wata kalmar kasafin kuɗi. Amma buhun wasiƙun da ake kawowa daga gidan waya duk mako, nasa ne. A shekara goma sha bakwai wasiƙa shida aka rubuto mini, huɗu daga ciki gyara ne. In muka shiga kasuwa tare, da ya buɗe baki ake waiwayowa. Ni sai na faɗi sunana.

Washegari da safe na tarar da shi a ofis kafin ni, abin da ban taɓa gani ba. Yana zaune a gefen teburinmu yana buga takardar ajiye aiki da yatsa biyu.

"Agogo, ashe kai ka jefa ni cikin wannan rigima?" Ya taso ya rungume ni. "Liman ya ce har rantsuwa ka yi na fi ka jama'a."

"Ban rantse ba."

"To ka dai faɗa. Ni kuwa ko gama magana ba su yi ba na ce ina fom ɗin. Duba mini wannan, kada in ajiye aiki da kuskuren rubutu."

Na karɓa na gyara masa wuri uku.

Duk da haka ranar da yamma na koma gida da wuri, na sa aka share zaure, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, baƙi za mu yi?" Na ce mai yiwuwa. Na zauna har aka kira magariba. Babu wanda ya zo.

Da na je garinmu ranar Juma'a, na ja ƙanen mahaifina gefe na tambaye shi me ya hana su dawowa. Ya dube ni da mamaki na gaske.

"Ashe kana so? Mu mun ɗauka da gaske kake. Kai ai in ka faɗi magana kamar labarai ce, ba ta da kwana. Ubanka in zai ƙi abu, yana ƙi yana murmushi, kowa ya gane. Kai ko fuska ba ka saki ba."

Na shekara goma sha bakwai ina koya wa muryata kada ta nuna abin da nake so. Ta koya.

Mako guda bayan ya miƙa takardarsa, wani abu ya faru wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ina kan aiki ni kaɗai, saura minti ashirin labaran ƙarfe ɗaya, aka aiko cewa mahaifiyata ta faɗi a tsakar gida, an wuce da ita asibiti. Shi kuma ya shigo kwashe kayansa daga aljihun tebur. Ya ga fuskata, ya fizge takardun labaran daga hannuna.

"Tafi."

"Ai ka ajiye aiki."

"Muryata ba ta ajiye ba. Tafi ka ga Inna, Agogo, labaran minti goma ne kawai."

Na tafi. Ya karanta. An ce ya yi tuntuɓe sau biyu a kan sunan wata ƙasa. Da yamma ya biyo ni asibiti da lemo a leda, ya zauna yana ba Inna dariya har ma'aikaciyar jinya ta kore shi. Ni kuma na koma ofis na sa hannu a littafin aiki, inda ake rubuta wanda ya karanta kowane labari, don sunana ne a jadawalin ranar.

Ya ci zaɓe. Ni na karanta sakamakon, kuma na saurari faifan daga baya: babu inda muryata ta motsa. Ranar da aka rantsar da shi ina sama, a benen 'yan jarida, kwalina a kan gwiwa. Daga can hular mutum kawai kake gani da kafaɗunsa. Ya shigo da babbar riga fara wadda na san aro ce, akawun majalisa ya miƙa masa Alƙur'ani, kakaki ya nuna masa layi na uku. Kafin ya zauna ya ɗaga kai ya neme ni, ya ɗaga mini hannu. Na rubuta sunansa a kujera ta huɗu. Bakin fensirin ya karye.

Wata goma sha ɗaya na yi ina kallon wannan hula. Na san dokokin zaman majalisa fiye da shi. Na san su fiye da rabin waɗanda ke zaune a ƙasa. Yakan miƙe lokacin da bai kamata ba, kakaki ya ce ya zauna, zauren ya yi dariya, shi ma ya yi. In ya kawo ƙudiri a kan rijiyar burtsatse ko gadar da ruwa ya cinye a hanyar garinmu, sai ya hauro bene bayan an tashi ya ce, "Agogo, ya na yi?" Nakan faɗa masa inda ya yi kuskure. Yakan rubuta a tafin hannu. Sati na gaba sai ya gyara, kuma gyaran ya fi ɓata mini rai fiye da kuskuren. Abin da ban zata ba shi ne aikin zai karɓe shi. An gyara gadar.

Ba motar da aka ba shi ce ta dame ni ba, ko da yake na tsani yadda yake tsayawa a bakin titi in ya gan ni a kan babur, ya sauke gilashi ya ce in bar babur ɗin a shagon mai faci in shigo. Abin da ya dame ni ƙanana ne. A ɗaurin aure a garinmu, hedimastan da ya koya mana karatu mu biyu ya tashi ya ba shi wurin zamansa. Ƙanen mahaifina ya fara cewa "ɗanmu na majalisa", kuma ba ni yake nufi ba. Matata, wadda ba ta da mugun nufi, ta ce wata rana tana tankaɗe, "Ka ga da kai ne, da yanzu an huta da zuwa aikin Asabar." A ɗakin haɗa shiri, in ina yanka faifan zaman majalisa, nakan ba kowane ɗan majalisa daƙiƙa arba'in. Shi ma arba'in nake ba shi, ba ragi. Ina alfahari da wannan. Sai dai na lura, in zan zaɓi arba'in ɗinsa, hannuna ya fi zuwa inda ya yi in'ina.

Wanda abokina ya kayar a zaɓen ya kai ƙara kotun zaɓe tun farko, shari'ar tana ta jan ƙafa. Cikin abubuwan da ya kawo har da cewa abokina bai bar aiki kwana talatin kafin zaɓe ba, don an ji muryarsa yana karanta labarai bayan ranar da ya ce ya ajiye. Faifan ranar babu shi. A lokacin mukan goge faifai mu sake ɗauka a kai saboda ƙaranci. Shaidu biyu da aka kawo sun ce sun ji shi, amma da lauyansa ya matsa musu sai suka rikice, ɗaya ya ce Talata, ɗaya ya ce bayan sallar Juma'a. Saura littafin aiki. Aka aiko mini da sammaci in kawo shi.

Ana gobe zan je, muka haɗu da abokina bayan la'asar a ƙofar masallaci. Yana neman takalminsa ɗaya.

"An ce gobe kai ne."

"Ni ne."

"Abin da ke littafi kawai za su tambaya."

"Abin da aka tambaye ni zan amsa."

"Shi ke nan. Ai na san ka." Ya samo takalmin. "Ya jikin Inna? Ka ce mata ina nan zuwa, in ta daina yi mini rowar fura."

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar aka kira ni. Na yi alwala tun daga gida, na riƙe Alƙur'ani na rantse. Lauyan mai ƙara ya sa na buɗe littafin a shafin ranar.

"Sunan wa ke jadawalin labaran ƙarfe ɗaya?"

"Nawa."

"Sa hannun wa ke gefensa?"

"Nawa."

"Kai ka sa da hannunka?"

"Ni na sa."

Ya juya takardunsa, ya dubi wanda ya ɗauke shi, ya girgiza kai kaɗan. Matashi ne, bai yi tambayar da ta rage ba. Ya ce wa alƙalai ba shi da sauran tambaya, ya tattara rigarsa zai zauna. Na dubi inda abokina yake. Ya jingina da benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana raɗa wa na kusa da shi wani abu, suna murmushi. Ko kallona ba ya yi. Ya san ni.

Tsakanin labari da labari mukan bar daƙiƙa uku. Kimanin haka na bari.

Na ce, "Amma ba ni na karanta ba."

Tafintan kotu ya tsaya yana kallona, bai juya maganar ba. Sai na faɗa da Turanci da kaina, don kada a samu kuskure.

Lauyan ya fasa zama. Sauran tambayoyin ba su ɗauki minti biyar ba: wa ya karanta, ƙarfe nawa, me ya sa. Na amsa duka daidai. Na faɗi faɗuwar Inna, na faɗi asibitin. Lemon ne kawai ban ambata ba.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina rantsuwa ce ta sa. Na riƙe Alƙur'ani, na ce zan faɗi gaskiya dukanta, kuma sa hannun nan ya nuna abin da ba haka yake ba. Wannan duk gaskiya ne, har yau ban ga malamin da zai ce na yi laifi ba. Amma na yi aikin tace labari tsawon rai, na san bambancin abin da aka faɗa da dalilin faɗarsa. Da ɗan majalisar wata mazaɓa ne, da na amsa tambaya uku na rufe littafi na koma ofis.

Kotu ta yanke cewa ya yi aikin gwamnati a cikin kwana talatin ɗin, ta soke zaɓen, ta ce a sake ba tare da shi ba. Ya ɗaukaka ƙara, bai yi nasara ba. Ni na karanta hukuncin a labaran ƙarfe ɗaya. Da na dawo tebur na ɗauko kwalin na goge sunansa. Wurin ya fara yin laushi saboda guga.

A wannan karon na shirya. Na buga takardar ajiye aiki, babu kuskure ko ɗaya, na bar wurin kwanan wata, na ninke ta a aljihun gaba. Na yanke cewa da sun buɗe baki zan ce na karɓa, a tuna mini har in tsufa. Na sake sa aka share zaure.

Ƙanen mahaifina ne ya zo, shi kaɗai, ranar Alhamis da hantsi. Bai zauna a sabuwar tabarma ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya miƙo mini takarda: sanarwa ce ta jam'iyya, an tsayar da wani mai sayar da taki daga garin da ke gaba da namu, ana so a karanta a rediyo.

"Baba, ba a neme ni ba."

"An ambace ka." Ya gyara hularsa. "Liman ya ce mutumin da aka riƙe wa aiki ranar da uwarsa ke kwance... To. Ba a dai ƙarasa maganar ba. Ka karanta mana sau biyu in da hali."

Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba sai sau ɗaya. Ina zaune a ɗakinta ta ce, "An ce kai ka faɗa."

"Gaskiya na faɗa, Inna."

"Na sani. Ai kai ba ka ƙarya." Ta ce in miƙo mata ruwa.

Abokina kuwa ba majalisa, ba rediyo, tunda ya ajiye aiki kuma ba a mayar da shi ba. Ya koma sayar da hatsi tare da wani ɗan'uwan matarsa. Na yi wata bakwai ina kauce wa layinsu a kasuwa. Ranar da na shiga, ban gan shi ba sai da na ji muryar.

"Agogo, ƙarfe nawa?"

Yana zaune a kan buhun gero, mutum shida ko bakwai sun kewaye shi, ana ta dariyar wani abu da ya faɗa. Har yanzu Onarabul suke ce masa. Ya sa aka matsa mini, muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har ya tambayi Inna. Da mutanen suka ragu ya ɗebi gero a hannu yana zubarwa a hankali cikin buhu.

"Abu ɗaya nake so in sani. Ba maganar kotu ba, wannan ta wuce. Ranar da suka zo gidanka, kana so?"

"Ina so."

"To me ya hana ka ce kana so?"

"Ina jiran su dawo."

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya, irin wadda yake yi a tsakiyar shiri, har ya dafa buhu. Ba dariyar mugunta ba ce, na saurara da kyau ban ji mugunta a ciki ba, kuma na so in ji. Wani mai saye ya tsaya, ya ji muryar, ya ce, "Kai ne na gaishe-gaishe?" Ya ce shi ne. Mutumin ya kira abokinsa ya zo ya gani. Na tsaya a gefe da hulata a hannu har suka gama, babu wanda ya tambayi ko ni wane ne.

Mai takin ya ci zaɓen, aka rantsar da shi saura shekara guda da 'yan watanni wa'adin majalisar ya ƙare. Bai yi magana a zauren ba sai sau biyu. A wannan wa'adi mutum uku suka zauna a kujera ta huɗu a layi na uku, kuma ni na karanta sunayensu duka a rediyo. Na ci gaba da karanta labaran ƙarfe ɗaya har shekara goma sha ɗaya bayan nan, sannan na yi ritaya.